Yuni ya ƙarato: taron tunawa da Shata da Ɗan Maraya za mu yi, ko ceton kaset?

Shugaban Zaure, Agege: Assalamu alaikum jama'a. Yuni ya ƙarato, kuma a watan ne muka rasa manya biyu, Alhaji Mamman Shata a 1999 da Ɗan Maraya Jos a 2015. Allah ya jiƙansu da rahama. An kawo shawarar a yi zama guda a nan Agege don tunawa da su da sauran magabata irin su Ɗanƙwairo da Narambaɗa da Hajiya Barmani Choge. Kowa ya kawo ra'ayinsa, amma a taƙaita tura hotuna, magana muke so.

Hajiya Babba, Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Amin, Allah ya kai haske kabarinsu. Shugaba, in dai zaman irin wanda aka saba ne, a kafa rumfa a kunna sifika a ci shinkafa a watse, gara a bar kuɗin. Yuni tsakiyar damina ne a Legas, rumfa ba ta tsare ruwan nan. Sannan ku dubi maƙwabtanmu. Mawaƙi Fela Kuti ya rasu ranar 2 ga Agusta 1997, har yau duk Oktoba ana bikin tunawa da shi, Felabration, a gidan kiɗan Shrine da ke Ikeja, gidansa kuma ya zama gidan tarihi. Namu fa? Hoto ɗaya da "Allah sarki" a WhatsApp, shi ke nan sai baɗi.

Malamin Islamiyya, Zango: Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma kada a haɗa mu da tsarin da ba namu ba. Zaman makoki kwana uku ne, in ban da matar mamaci da ke takaba wata huɗu da kwana goma. Taron shekara-shekara kuwa malamai sun yi saɓani a kansa. Abin da babu saɓani shi ne addu'a, da biyan bashin mamaci in akwai, da sadaka a madadinsa, da kyautata wa iyalansa. In za a yi zaman sauraron waƙa a kira shi da sunansa, a raba shi da addu'a. Kada a buɗe da karatun Alƙur'ani a rufe da kalangu a zama ɗaya.

Hajiya Babba, Idi-Araba: Na karɓa, Malam. Ba rawa nake kira a yi ba, adanawar nake nufi.

Mai Gyaran Rediyo, Alaba: To Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. Ni shawarata a bar maganar rumfa a ceci kaset. Abin da mutane ba su lura ba, waƙoƙin mutanen nan da yawa ba su taɓa shiga faifan kamfani ba. A gidan biki aka ɗauke su, ko wajen naɗin sarauta, ko aka naɗe daga Rediyon Kaduna da ƙaramar rikoda. Irin waɗannan kaset suna nan cikin akwatunan dattawa a Agege da Obalende da Ijora, kuma babu garin da ya kai Legas cin kaset. A Arewa zafi da ƙura ne matsala, a nan laima ce. Zaren kaset leda ce da aka shafa wa garin ƙarfe da gam. Laima na sa fumfuna ta hau gefen naɗin, ta manne zaren da juna, ta sa ƙusoshin gidan kaset tsatsa. Wanda aka ɗauka a 1980 ya haura shekara 40, ba zai jira mu ba.

Ɗalibi, Akoka: Oga, ai duk suna YouTube. Me ya rage kuma?

Mai Gyaran Rediyo, Alaba: Ƙanena, abin da ke can kwafin kwafin kwafi ne. Masu sayar da kaset a kasuwa da injin gaggawa suke kwafa, ninki biyu na gudu ko fiye, kuma duk kwafi ɗaya sai siririn sauti ya ragu, "shuu" ya ƙaru. Daga baya wani ya kara waya a bakin sifika ya ɗauka, ya tura a WhatsApp aka sake matse shi. Shi ya sa kake jin muryar Shata amma ba ka iya raba abin da 'yan amshi ke cewa. Ana neman kaset mafi kusa da asali ne, wanda aka ɗauka a wurin ko kwafin farko.

Ɗan Kalangu, Mile 12: Gaskiya ne. Kuma akwai ɓarnar da ta fi wannan. Da yawa daga cikin waɗanda ke yawo gudunsu ba daidai ba ne. Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata, sauti ya hau, ya saki ya sauka, yana bin hawa da saukar Hausa. In kaset ya yi sauri, sai kalangu ya koma kamar kurkutu, muryar dattijo ta koma ta saurayi. Yaran da ke koyon kiɗa da irin wannan kwafin suna ɗaukar gudun da ba shi ne na asali ba, sai su zo fili suna gudu 'yan amshi na haki.

Mai Situdiyo, Obalende: Ɗan Kalangu ya yi daidai. Kaset na tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa. In bel ɗin rikodar da ta ɗauka ya saki ko batir ya yi sanyi, sai ta ɗauka a hankali, in aka kunna a na'ura mai lafiya sai a ji ya yi sauri. Bambancin kashi 6 cikin ɗari ya isa ya ɗaga murya rabin mataki, kunne zai ji. Akwai dabarar ganowa: in an ɗauka da wutar NEPA, sau da yawa akwai ƙugi a ƙasan sautin, kuma wutarmu 50 take bugawa a daƙiƙa. Ka duba ƙugin a kwamfuta, in ka same shi a 53 ka san kaset ɗin ya yi sauri da kusan kashi 6, sai ka mayar. In da batir aka ɗauka babu ƙugin, sai a nemi kunnen makaɗi.

Shugaban Zaure, Agege: Madalla. Oga na Alaba, ka yi mana bayani dalla-dalla. A ce dattijo ya kawo jakar kaset yau, me za a fara yi?

Mai Gyaran Rediyo, Alaba: Abu na farko, kada a kunna. Mutane da sun ga kaset sai su jefa cikin rediyo don a ji ko yana yi, a nan ake tsinka shi. A duba ta 'yar tagar tsakiya. In an ga fari-fari ko toka-toka kamar auduga a jikin naɗin, fumfuna ce, a ware shi daga sauran. A sa shi cikin roba mai murfi tare da ƙulle-ƙullen sinadarin shan laima, irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi, a rufe mako biyu zuwa uku har ta bushe. Kada a shanya a rana, gidan zai lanƙwashe zaren ya miƙe. In ta bushe a buɗe a goge a hankali da kyalle marar gashi, mai gogewar ya rufe hanci da baki.

Wanda ba shi da fumfuna, a ɓalle ƙananan haƙoran nan biyu na saman kaset. In an ɓalle su maɓallin ɗauka ba zai danne ba, ko da kuskure ba za a goge waƙa ba. Sai a duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zare a tsakiya, shi ke danna zaren a jikin hed, wato ƙarfen da ke karanto sauti. Gam ɗinsa na bushewa ya faɗi, in babu shi sauti zai fito a dushe ko ya riƙa ɗaukewa. Ana ciro na wani kaset marar amfani a manna. A sa biro a juya naɗin da hannu, in ya yi tauri a kwance ƙusoshi biyar ɗin a mayar da zaren cikin sabon gida. In gidan na manne ne ba na ƙusa ba, sai an fasa shi ta gefe da wuƙa a hankali. Wanda ya tsinke kuma kada a haɗa da salatif ɗin ofis, gam ɗinsa na narkewa ya manne zagayen da ke kusa. Akwai tef na musamman na haɗin zare, a manna shi ta bayan zaren, ba fuskar da ke taɓa hed ba.

Sannan na'urar. Ba kowace rediyo ba, a nemi babbar dek ta da, wato na'urar kunna kaset, a canja mata bel. A goge hed da sandar ƙarfen da ke jan zare da sifirit mai ƙarfi, na kashi 99 in an samu, a jikin audugar kunne. Robar da ke matse zare in ta yi santsi ko ta taurare ita ke tauna kaset, a canja ta. Da tsofaffin kaset, a riƙa gogewa bayan kowane ɗaya, don garin jikinsu na zuba. A yi hattara da C120, kaset mai minti 120, zarensa ya fi na C60 da C90 siranta, shi ya fi saurin naɗewa.

Mai Situdiyo, Obalende: Ƙari a kan na Oga: akwai ƙaramar ƙusa a gefen hed da ke gyara tsayuwarsa. Kowace rikoda da yadda hed ɗinta ya karkata lokacin ɗauka. Ka kunna kaset, ka haɗe sautin ya zama guda, ka riƙa murɗa ƙusar kaɗan-kaɗan da ƙaramin sukudireba har ka ji siririn sauti ya buɗe, tafi da kaifin gangar sun fito. Ana yin haka ga kowane kaset, har kowane gefe. Wannan minti biyun ya fi duk wata manhajar gyaran sauti amfani. Maɓallin Dolby, na rage "shuu", a bar shi a kashe sai in an rubuta a jikin kaset ɗin da shi aka ɗauka.

Daga dek a ja waya zuwa akwatin sauti na USB, ba ramin makirfo na laftof ba. Manhajar ɗaukar sauti ta Audacity kyauta ce, ta isa. A ɗauka a WAV, fayil ɗin da ba a matse ba, 48 kHz, 24 bit, ƙarar kada ta wuce wajen -6 a ma'auni, don kiɗan kalangu na da bugun da ke tsalle ba zato. Awa ɗaya na cin kusan gigabait 1, C90 guda kusan ɗaya da rabi. Kaset 500 ba za su cika had dis mai terabait 1 ba. Kuma a yi aikin da inbata ko batir. Janareta na zuba ƙugi cikin sauti, in kuma aka ɗauke wuta ana tsaka da aiki zare na iya maƙalewa.

Ɗalibi, Akoka: To in an kwafa, ba sai a wanke "shuu" ɗin da AI a ɗora ɗan bit na fiyano ba? Haka ne kawai samari za su saurara.

Ɗan Kalangu, Mile 12: Subhanallahi. Kuntigin Ɗan Maraya gwangwani ne da fatar akuya da tsarkiya ɗaya. Shi kaɗai yake kiɗa yake waƙa, ba ɗan amshi ba ganga. Wannan kaɗaicin shi ne waƙar. Ka ɗora masa fiyano ka binne shi karo na biyu.

Mai Situdiyo, Obalende: Ɗalibi, ba a hana ka gwaji ba, amma a kan kwafi, kuma da izinin magada. Ƙa'idar ita ce fayil biyu: na asali da ba a taɓa shi ko kaɗan, da na sauraro da aka ɗan gyara. Manhajar wanke hayaniya ba ta san bambancin "shuu" da shantu ko guɗar mata ba, tana kwashewa gaba ɗaya. Kiɗan ƙwaryar Amada irin na Barmani ya fi shan wahala, don ƙwaryar da aka kifa a ruwa sautinta mai zurfi ne, manhajar sai ta ɗauka ƙugi ne ta yanke.

Hajiya Babba, Idi-Araba: Allah ya jiƙan Barmani, ta rasu a 2013, mutuniyar Funtuwa. Ku tuna da cewa waƙoƙin mata a cikin gida ake yin su, wajen suna da biki, don haka kaset ɗinsu na hannun mata ne, cikin adaka da ƙasan gado. Namiji ba zai shiga ya karɓo ba. A sa mata biyu ko uku a kwamitin, su ne za su bi gidaje. Kuma a ba kowa rasit, a mayar masa da kayansa tare da kwafi a fulash, in ba haka ba mutum na biyu ba zai bayar ba.

Malamin Jami'a, Ojo: Ina biye da ku. Abin da ya rage, wanda kuma ya fi lalacewa da sauri fiye da zaren, shi ne bayanin waƙar. Fayil mai suna "Track 7" bai ceci komai ba. Kowane kaset a ba shi lamba, a rubuta ta a jikinsa da sunan fayil, a ɗauki hoton gaba da baya da duk rubutun biron da ke jikin takardar. Sai a zauna da mai shi a tambaye shi: wa aka yi wa waƙar, a wane gari, wajen wane sha'ani, wajen wace shekara, wa ya ɗauka. In bai tuna shekara ba a tambaye shi wa ke mulki a lokacin, Gowon ne ko Murtala ko Shagari. Waƙar kanta na taimakawa: in an kira mutum da sarautar da daga baya ya bari, ko an ambaci fam da sule, ka san kafin 1973 ne ko dab da ita, don a shekarar naira ta shigo. In an ce Legas ce hedikwatar ƙasa, kafin ƙarshen 1991 ne.

Sannan kada a goge wata don an ce "muna da ita". Makaɗan baka ba sa maimaita waƙa iri ɗaya. Gindin waƙa na nan, amma ɗiyanta na canzawa gwargwadon wanda ke zaune a fili da wanda ya yi kyauta. Bakandamiyar Shata da aka ɗauka a wurare biyu waƙa biyu ce a wajen mai nazari. A rubuta sunayen 'yan amshi da makaɗa da sanƙira in an san su. Kullum jagora ake tunawa, alhali a kiɗan fada irin na kotson Narambaɗa da Ɗanƙwairo 'yan amshi na ƙara nasu baitin, ba maimaitawa kawai suke ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya yi shekaru yana rubuta matanin irin waɗannan waƙoƙi, a duba aikinsa kafin a fara rubutawa daga farko.

Ɗan Kalangu, Mile 12: Allah ya saka, Malam. Kuma mai rubuta waƙar Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ya zama Basakkwace ko Bazamfare. Bakano zai gyara musu Hausa bai sani ba.

Dillali, Alaba Rago: Ni tambayata kuɗi. In mun gama wahala mun ɗora a YouTube, kuɗin tallan na wa? Ai mu muka kashe.

Lauya, Ikeja: Alhaji, mallakar kaset daban, mallakar waƙa daban. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu. Ke nan na Shata sai ƙarshen 2069, na Barmani 2083, na Ɗan Maraya 2085. Ɗaukar sautin kuma haƙƙi ne na daban, shekara 50, kuma yawanci yana hannun wanda ya shirya ɗaukar. Abin da ya fito a faifan kamfani irin su EMI da Polygram, sai a binciki wanda ya gaji kundinsu. Na gidan rediyo na gidan rediyo ne. Haƙƙin waƙar dukiya ce cikin gado, ana raba kuɗinta kamar yadda ake raba gona. Inda ake samun rikici shi ne a je wajen ɗa guda a ba shi wani abu ya sa hannu, alhali magada na iya kai ashirin. A nemi iyali su fitar da wakili a rubuce, da shaidu, in da hali da takardar kotu. Yarjejeniyar ta faɗi waƙoƙin da sunansu, inda za a ɗora, tsawon lokaci, kason kowa, da asusun da kuɗi zai shiga. Zaure na iya cire kuɗin da ya kashe in an amince tun farko. Kwafa don adanawa mu fara, ɗorawa a bainar jama'a ta jira takarda.

Malamin Islamiyya, Zango: Lauya ya sauƙaƙa min. Cin kuɗin waƙar mamaci ba da sanin magada ba cin dukiyar marayu ne, ko me mutum ya ɗauki hukuncin kiɗa. Sai abu ɗaya: waƙoƙin zambo. Akwai waɗanda aka kira sunan mutum aka ci mutuncinsa, shi ya rasu, mawaƙin ya rasu, 'ya'ya da jikoki na raye. Yaɗa irin wannan ba gata ba ne ga mawaƙin a inda yake kwance.

Malamin Jami'a, Ojo: Allah gafarta Malam, a nan mun ɗan bambanta. Zambo da habaici rabin fasahar ne. In ka cire su daga waƙar fada ka cire yadda ake ɗaukaka sarki ta hanyar ƙasƙanta abokin hamayya, kuma ka ɓata tarihi. Abin da zan yarda da shi, a adana duka, a yi wa masu kiran suna ƙarara alama, kada a ɗora su a intanet, mai bincike ya zo ya saurara a wurin. Amma gogewa ko yanke baiti, a'a.

Malamin Islamiyya, Zango: Ban ce a goge ba. Amma wa zai riƙe mabuɗin? Abin da ya shiga waya ɗaya ya shiga dubu.

Mai Situdiyo, Obalende: Shi ya sa ba a aiki da waya. Kwafi uku: had dis ɗaya a nan, ɗaya a aika Arewa inda babu laima, ɗaya a ma'ajiyar intanet mai lambar sirri. A sayi had dis ɗin a shagon da ke ba da garanti, kuma a cika shi da fayil a gwada kafin a yarda da shi, don a kasuwar Computer Village ta Ikeja akwai fulash da aka rubuta wa girman da ba shi da shi, sai ya cika ya riƙa goge na farko a ɓoye. Duk shekara a kunna a duba, bayan shekara huɗu ko biyar a juye cikin sabo. Kaset ɗin kuma kada a zubar. A jera su a tsaye cikin gidajensu, nesa da sifika saboda maganaɗisu, ba a ƙasa ba saboda ambaliya.

Dillali, Alaba Rago: Faifan garmaho fa? Akwai masu su.

Mai Gyaran Rediyo, Alaba: A kawo, amma a ware. Mai gudun 33 da 45 roba ne, ana wanke shi da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa, a bi zagayen layin, kada a jiƙa takardar tsakiya. Mai gudun 78 kuwa kada sifirit ya taɓa shi, narkar da shi yake, kuma allurarsa daban ce, ta fi kauri. Kada a ɗora shi a tsohon garmaho mai allurar ƙarfe don nishaɗi, kowane kunnawa na cin layin. In an samu babban tef mai faifai biyu irin na gidan rediyo, kada kowa ya taɓa, a kira ni ko Mai Situdiyo.

Shugaban Zaure, Agege: To ga inda muka tsaya. Addu'a a masallaci bayan Juma'a, Malam zai jagoranta, abin da aka tara na sadaka a kai wa iyalan ta hannun wakilansu. Ranar Asabar a buɗe karɓar kaset a ɗaki mai rufi, ba rumfa ba. Hajiya ta kawo sunayen matan da za su bi gidaje, Lauya ya rubuto rasit da takardar izini, Malamin Jami'a ya tsara fom ɗin tambayoyi shafi ɗaya. Maganar zambo ba a gama ba, za a dawo kanta. Oga na Alaba, dek nawa za a samu?

Mai Gyaran Rediyo, Alaba: Biyu suna aiki, ta uku na jiran bel. Amma ku sani ba a gaggauta kwafin nan, C90 sai ya ci minti 90 ɗinsa, ga duba da gyaran hed. Dek ɗaya ba za ta wuce kaset biyar a yini ba. A fara da waɗanda aka ɗauka a fili da na mata, na kamfani su jira.